Abincin Dabbobi a Ƙasar Auyo: Jawabi ga Hakimai da Malamansu

Wannan jawabi an yi shi ne a Auyo, a gaban hakimai da dagatai da malamansu na ƙasar Haɗejiya. An buga shi domin waɗanda ba su sami halarta ba su karanta, su kuma karanta wa jama'arsu.

  Na gode da kuka bar ayyukanku kuka taru yau, ga shi kuwa kaka ce, hankalin kowa yana gona. Maganar da na zo da ita ta abincin dabbobi ce, da irin taimakon da Gwamnati ta ke iya yi a kansa, da wanda ba ta iyawa sai da hannunku.

Watakila wani ya ce a ransa, ina dalilin zancen yunwar shanu yanzu, ga harawa ko'ina, ga kara tsaye a gona, shanu sun yi ƙiba har suna sheƙi? To, ai dalilin ke nan. Saniyar da za ta kwanta ta kasa tashi a watan Mayu, yanzu ne a ke yanke mata hukunci, cikin Nuwamba da Disamba. In aka bari sai bazara ta yi, makiyaya sun cika ƙofar gidan hakimi da kuka, sa'an nan aka ɗauki alƙalami za a rubuta wa Gwamnati, to, kafin takarda ta kai Dutse, a duba ta, a nemi kuɗi, a sayo dusa, a ɗoro ta a mota, ruwan farko ya sauka, wadda za ta mutu ta mutu.

Bari mu fara da tambayar da tsofaffi su ke yi. Yaya aka yi ƙasar Auyo, wadda shanun nesa su ke tahowa cin rani a cikinta tun kaka da kakanni, yau ta zama ana zancen ƙarancin abinci a cikinta?

Kun fi ni sanin yadda kogin nan ya ke a da. Kogin Kano da na Calawa su haɗu, su gangaro nan, cikin Agusta da Satumba ruwa ya fita daga gaɓa ya malale fadama. In kaka ta yi ya soma janyewa a hankali, duk inda ya bari sai ɗanyar ciyawa ta biyo baya, roba da 'yan'uwanta. Shanu su gama kalar kara a tudu, su gangara fadama, suna bin ruwa yana ja da baya har ruwan sama ya sauko. Manomi ya sami taki, makiyayi ya sami kiwo. Fadama ita ce rumbun dabbobi, ba kuwa wanda ya gina ta.

A 1974 aka gama madatsar ruwa ta Tiga a kan Kogin Kano, a 1992 aka gama ta Calawa. An gina su domin ruwan sha na Kano da noman rani, sun kuwa yi amfani, ba mai musun wannan. Amma sun sāke halin kogi. Ruwan da ya kan zo gaba ɗaya da damina ya tafi da rani, sai aka riƙe shi a sama ana sakinsa kaɗan kaɗan duk shekara. Malalar da ke shayar da fadama ta ragu, wuraren da suka saba bushewa ƙaƙas da rani kuma suka daina bushewa. Nan ne kacala ta sami gindin zama. Wannan ciyawa tana son ruwa maras zurfi wanda ba ya ƙafewa, ta kan fi mutum tsawo, ta toshe hanyar ruwa, ta tara laka, ta ba tsuntsayen jan-baki wurin kwana. Inda ta kama, ciyawar kiwo ba ta sāke fitowa. Ruwa kuma da ya rasa hanyarsa sai ya nemi wata, ya kwanta a gonakin wasu, ya bar na wasu da ƙishi.

Abu na biyu shi ne noman rani. Tun cikin shekarun 1980 da ƙananan injunan ban ruwa suka yawaita, balle bayan an hana shigo da alkama daga waje a 1987, mutane suka faɗa wa fadama da garma. Ga kuma babban aikin ban ruwa na kwarin Haɗejiya a nan ƙofarku, wanda aka gyara aka faɗaɗa da rancen Bankin Duniya, Shugaba Muhammadu Buhari ya zo Auyo ya buɗe shi a farkon 2023, fili fiye da kadada 5,000. Wannan arziki ne, shinkafar Auyo ta yi suna har Kudu. Amma ku lura, kowace kadada da ta zama gonar shinkafa ko alkama da rani, a da wurin kiwon rani ce. Saniya ba ta ragu ba, cikinta bai ragu ba, akushinta ne aka rage.

Sai kuma ambaliya. Ba sai na tuna muku da 2020 da 2022 ba, da yawanku a kwalekwale kuka zagaya ƙasarku. Abin da a kan manta shi ne, ruwan da ya ci dawa da wake da gyaɗa a gona ya ci kara da harawa tare da su. Ana lissafin buhunan hatsin da aka yi hasara, ana rabon abinci da tabarmi, ba a cika tambayar abin da tumakin gidan za su ci cikin Maris ba. Shekarar ambaliya da shekarar fari, ga dabba, ƙanwar ja ce.

To, me Gwamnati ta yi, me kuma ta ke iya yi?

Tun zamanin Gwamnatin Jihar Arewa aka ga wannan rana tana zuwa, shi ya sa aka kafa dokar keɓe makiyaya a 1965, domin a sami filayen da garma ba za ta shiga ba. An daɗe ana binciken ciyawar shukawa da haɗin abincin dabbobi a Shika kusa da Zariya, a Vom kuma ana yin allurar rigakafi. Da allura aka ci ƙarfin bushiya, wadda ta yi ɓarna ƙwarai a ƙasar nan a 1983, har aka yi shelar ƙarewarta a duniya duka a 2011. Jihar Jigawa tana da hukumar manoma da makiyaya, an shata makiyaya da burtali a wurare da yawa, an haƙa rijiyoyi a wasunsu, an kuma sa injunan tono masu tafiya a kan ruwa suna share kacala daga kogi. A 2024 Gwamnatin Tarayya ta kafa ma'aikata ta musamman domin kiwo, abin da ba a taɓa yi ba.

Amma zan gaya muku gaskiya, gama ku ba mutanen da za a yi wa rufa-rufa ba ne. Cuta ana maganinta da allura ɗaya, malamin dabbobi ya yi wa garke guda kafin azahar. Yunwa ba haka ta ke ba, kullum sai an ci. Ku ɗauki alƙalami mu yi lissafi. Matsakaiciyar saniya tana bukatar busasshen abinci wajen kilo 6 kowace rana. Daga tsakiyar Fabrairu zuwa tsakiyar Yuni kwana 120 ne, watau kilo 720 ga saniya ɗaya. Gundumar da ke da shanu 10,000 tana bukatar tan 7,200, ban da tumaki da awaki da jakuna. Babbar mota mai ɗaukar tan 30 sai ta yi sawu 240. Babu baitulmalin da zai ɗauki wannan ga kowace gunduma, nan ko wata ƙasa. Duk wanda ya ce wa makiyayi Gwamnati za ta ciyar masa da garke, ya yaudare shi.

Abin da taimakon Gwamnati ya ke iyawa shi ne ciko, watau dusa da angurya da tunkuzar gyaɗa da gishirin lasa, kaɗan a kan abin da dabba ta riga ta samu. Kilo ɗaya na irin wannan a rana ya kan ba saniya ƙarfin cin busasshen kara ta kuma narkar da shi. Maƙwabtanmu na Nijar sun daɗe a kan wannan hanya, tilas ta koya musu. A shekarar wahala irin 2010, lokacin da ciyawa ta ƙi fitowa dabbobi suka mutu da yawa, gwamnatinsu da masu ba da agaji sun sayar da dusa da angurya a kan rahusa, sun kuma sayi raunanan dabbobi aka yanka aka raba naman. A ƙauyuka da yawa suna da rumbun abincin dabbobi na jama'a, a saya da kaka lokacin araha, a ajiye, a sayar da bazara da 'yar riba kaɗan, kuɗin ya koma sayen na baɗi. Duk wanda ke zuwa kasuwar Maigatari ran Alhamis zai sami wanda zai ba shi labari. Zai kuma ji cewa inda rumbun ya mutu, ba fari ne ya kashe shi ba, bashi ne. Manya suka ɗiba da sunan za su biya bayan Salla.

Ciko kuwa sai da abin da za a cika. Wannan shi ne zuciyar maganata, ina roƙo ku saurara da kyau. Abincin da ƙasar nan ta rasa a fadama bai ɓace duka ba, ya sāke kama ne, ya zama karan shinkafa, mu kuma muna cinna masa wuta.

Gonar da ta ba da tan 4 na shinkafa ta kan bar kara wajen tan 4 shi ma. A lissafinmu na ɗazu, kadada ɗaya ta ishe shanu biyar cin wata huɗu. In muka ce kadada 5,000 kowace ta bar haka, tan 20,000 ke nan a girbi guda, cimar shanu fiye da 27,000 har bazara ta wuce. Ban sa na gonakin da ke wajen aikin ban ruwa ba, ban sa karan alkama ba. Ku tsaya a bakin hanya da yamma bayan girbi ku dubi hayaƙin da ke tashi. Manomi ba mugunta ta sa shi ba, sauri ya ke ya share gona ya sāke shuka, kara ya tare masa hanya, ba shi da amalanke, ba wanda ya zo ya ce zai saya, ashana kuwa tana aljihu. Wani kuma, mu faɗi gaskiya, ƙonawa ya ke don kada shanu su sami dalilin shigowa su tattake masa kunya da magudanar ruwa. Wannan tsoro yana da tushe. Maganinsa shi ne a fitar da kara zuwa wurin shanu, kada a kawo shanu wurin kara.

Na san abin da Ardo zai ce, karan shinkafa ba abinci ba ne, cika ciki ne kawai. Yana da gaskiya rabi. Sinadarin gina jiki da ke cikinsa bai wuce kashi 3 ko 4 cikin 100 ba, saniya kuwa tana son wajen 7 kafin ta riƙe jikinta. Harawar gyaɗa da ta wake sun ninka shi sau uku ko fiye, shi ya sa masu turkar raguna ke rububinsu. Amma akwai dabarar da malaman dabbobi suka gwada a ƙasashe da yawa, daga Indiya da Sin har Nijar, ta kuwa tabbata. A sami farin takin zamani da a ke kira yuriya kilo 4, a narkar da shi cikin ruwa jarka huɗu mai lita 25, a yayyafa wa kara kilo 100, ana zubawa cikin rami ko ɗaki ana tattakewa, a rufe da leda yadda iska ba za ta shiga ba, a bar shi mako uku. In an buɗe za a ji wari mai hawa kai, a ga kara ya yi laushi ya yi duhu. A ɗebi na rana ɗaya a shanya a inuwa warin ya fita, kāna a ba dabba, a fara da kaɗan har ta saba. Ƙarfinsa ya kan kusa ninkawa, dabba kuma ta fi cinsa.

A nan sai na ja kunne, malamai ku rubuta wannan da babban baƙi. Yuriya dafi ne in dabba ta ci shi tsurarsa ko ta sha ruwansa, ya kan kashe sa cikin sa'a guda. Kada a bar jarka ko buhu inda akuya za ta kai baki. Kada a ba doki, ko jaki, ko ɗan maraƙin da bai soma tuƙa ba. Kada wani ya yi na farko shi kaɗai don ya ji a bakin mutane, sai malamin dabbobi yana tsaye.

Kacala ma ana neman yadda za a ci moriyarta. Malaman Jami'ar Tarayya ta Gashuwa tare da wasu na ƙasashen waje sun gwada yanka ta tun tana ɗanya, a daddatsa, a haɗa da abin zaƙi kamar ruwan rake, a rufe ta tsimu, dabbobi kuwa sun ci. In ta tsufa ba ta da wani amfani ga ciki. Ni dai ban ɗauke ta a kan ita ce mafita ba, shiga cikinta wahala ne, kuma ruwan da ta ke kwance ciki shi ne gidan katantanwar da ke kawo wa shanu tsutsar hanta. Amma wanda ke da ita a bakin gona, ya gwada.

Yanzu na zo kan abin da ya shafe ku kai tsaye.

Gwamnati ba ta da ido a ruga. Ma'aikacin da ke zaune a ofis bai san unguwar da ruwa ya ci harawarta ba, bai san ko garken da ke bakin kogi na 'yan ƙasa ne ko na baƙi masu wucewa ba. Ku kuka sani. A zamanin jangali malamin hakimi ya kan san yawan shanun gundumarsa, ko da ya ke makiyayi ya kan ɓoye rabi a daji, don ƙidaya a lokacin hanyar karɓa ce. Tun da aka bar jangali aka bar ƙidaya, tsoronta kuwa bai fita zukata ba har yau. Sai ku zauna da Ardo da Bulama ku fahimtar da su, wanda ya ɓoye saniya yanzu ya ɓoye rabonta ne.

Abin da a ke so malami ya rubuta ba shi da yawa. Kowane ƙauye da kowace ruga, kimanin shanu nawa, tumaki da awaki nawa, na zaune ne ko na cin rani. Yaya damina ta yi musu, gonaki nawa ruwa ya ci. Nawa a ke sayar da damin harawa da buhun dusa a kasuwar da ta fi kusa, wannan kuwa a rubuta shi kowane wata, gama farashin harawa shi ne ya kan fara yin kuka tun saniya ba ta rame ba. In dami ya ninka kuɗinsa tun Janairu, kada ku jira komi, ku rubuto. Ina kuma roƙonku kada a manta da dabbobin cikin gida. Tunkiya biyu da akuya uku na gwauruwa ba sa yin ƙura a hanya balle a gan su, amma su ne kuɗin asibitinta da kayan ɗakin 'yarta. Mazan da ke zuwa taro ba za su ambace su ba sai an tambaya.

In taimako ya zo, to, nan ne a ke gane hakimi. Na taɓa raka motar dusa wani gari da ba zan faɗi sunansa ba. Muka sauke buhuna da hantsi, aka yi godiya, aka yi addu'a. Ran kasuwa na koma, na tarad da buhunan nan da tambarinsu a rumfar wani ɗan kasuwa, ana sayar wa makiyayan da aka kawo dominsu, a kan kuɗi fiye da na da. Da muka duba takardar rabo, sai muka ga sunayen mutanen da ko kaza ba su da ita. Ba wanda aka ɗaure. Amma shekarar da ta biyo, da aka zo rubuta garuruwan da za a kai wa, ba wanda ya buɗe baki ya ambaci garin nan, talakawansa ne suka biya. Sabo da haka a yi rabo da rana a fili, a ƙofar fada, a karanta sunaye da ƙarfi, Ardo yana zaune, wakiliyar mata tana zaune. In abin bai isa kowa ba, ba ya kuwa isa, a fara da shanun huɗa, da masu shayarwa, da masu ciki. Bijimin huɗa in ya shiga damina da rama, gonar gidan ta makara, yunwar dabba ta zama ta mutane.

Akwai abin da ba ya bukatar ko kwabo daga baitulmali, sai maganarku. Ku tara manoman shinkafa da makiyaya tun kafin girbi, a yanka rana, a yanka farashin amalanken kara, a nuna fili a bayan gari inda za a tara shi nesa da wuta, a ɗaga shi daga ƙasa sabo da gara. Manomin da ya san gobe za a zo a biya shi a kwashe ba zai ƙona ba. Ku hana saran gawo, gama shi itace ne da ke fid da ganye da 'ya'ya da rani sa'ad da itatuwa da yawa suka kaɗe. Ku taka burtali da ƙafarku kafin shanun cin rani su iso, musamman inda ya gangara mashaya, gama yawancin rigimar da ta kai ga jini a ƙasar nan, wajen Guri da Kiri Kasamma, daga hanyar ruwa da aka toshe da shuka ta kan soma, ko daga garken da aka sako gona ba a gama kwashe amfani ba. Kowane ɓangare yana da nasa laifi, ku kuma iyayen duka biyu ne.

Magana ta ƙarshe ita ce mafi wuyar faɗa wa makiyayi, shi ya sa na bar muku ita, daga bakinku za ta fi shiga. Wanda ke da shanu 40 da abincin 30, gara ya fid da tsofaffi da marasa haihuwa yanzu suna da nama, ya sayi dusa da angurya tun suna araha. In ya jira bazara zai sayar da uku a kuɗin ɗaya, hatsi kuma ya hau. Na san saniya ba kaya ba ce a wurinsa, ya san ta da suna, ya san uwarta da kakarta. Kada ku yi masa gatse, ku yi masa lissafin nan na kilo 6 a hankali, ku bar shi ya kwana da shi.

Malamai, takardun ƙidaya su iso hannun hakimi kafin ƙarshen Disamba, a ajiye ɗaya a fada, a aika ɗaya ofishin malamin dabbobi na ƙaramar hukuma. Wanda ke son a zo garinsa a nuna aikin rami da yuriya, ya ba da sunan garin kafin a tashi, ya kuma tanadi kara kilo 100 da leda.